Layar da Ake So Ta Ɓarke

Balaraba ta zo hutu daga jami'a,
ta iske ni a rumfa, nan cikin Birni,
basilla a hannu, jar fatar akuya bisa gwiwa.
Na ce, shekara shida kina can,
me kike ɗinkawa?
Ta ce, Baba, laya.

Na ajiye basilla.

Ta ce huhu gari ne mai ƙananan ɗakuna,
kowane ɗaki da rubutunsa
wanda mutum ya taho da shi tun daga ciki.
A na Harisu, baƙi ɗaya ne ya goge.
Baƙi ɗaya.
Shi ya sa majina ta yi masa kauri kamar ƙaro,
shi ya sa uwarku ke jin gishiri
in ta sa baki a goshinsa.

Ban tanka ba.
Tara ga watan azumi muka kai shi,
shekararsa bakwai, bai gama famfara ba.
Har yau in yaro ya yi tari a lungunmu
Gaji takan tsaya da ludayi a hannu
sai tarin ya wuce.

Ta ce, rubuta baƙin an iya,
kai shi ne aiki.
In ka sake shi tsirara
jiki ya cinye shi tun a hanya,
kamar takarda a bakin gara.
Katangar ɗakin kuma ta kitse ce.
Baba, kai ka fi ni sani:
zuba ruwa a fatar da ta sha mai.
Na ce, gangarawa zai yi.
Ta ce, to, ɗiga mata man shanu.
Na ce, sai ya shige, ko sallama babu.
Ta yi dariya. Da ɗan gari kan ci gari.

Wai suna naɗe saƙon cikin ɗigon mai,
ƙanana, dubu ba su cika tsinin allura,
a mai da su hazo, mara lafiya ya shaƙa
kamar mai surace ƙarƙashin zane.

Na ce, ashe an gama.
Ta girgiza kai.
Wasu su maƙale a majina
kamar jaki a taɓon tafki da damina.
Waɗanda suka shiga, a tsare su a zaure,
su kwana nan, su lalace,
ba su ga cikin gida ba.
Kaɗan ne ke isa.
Nawa aikin bai wuce faranti ba tukuna,
sai ɓeraye goma sha biyu
da na san kowannensu da kunne.

Shekara arba'in ina ɗinka layu,
ban taɓa buɗe takarda na duba ba.
Nawa dai kar ruwa ya taɓa, kar zufa ta ci,
ɗinki ya riƙe har jikan mai ita.
Na faɗa mata haka.
Ta ce, nan muka rabu, Baba.
Taka in ta ɓarke, ka ji kunya.
Tawa in ba ta ɓarke ba, a banza na ɗinka.
Ta riƙe a hanya, ta saki a ɗaka,
wannan ƙullin nake nema.

Da dare, bayan tuwo,
Gaji ta tambaya, ba ta ɗago kai ba:
da yana nan, da ta same shi?
Balaraba ta daɗe tana murza bakin tabarma.
Ta ce, Inna, ko yau ba ta kai ba.

Da asuba na riga kowa fita rumfa.
Duwatsun Damagaram ba su ɗau zafi ba tukuna.
Na lakato man shanu da ɗan yatsa,
na ɗora bisa fata,
na zauna ina kallo
har ya ɓace mini.